Kundin aikin gajeren takobin Japan mai ɗauke da sunan Tadahiro

13 ga Janairu, 2024

Yau na sayi takobin da na shafe wata biyu ina kai-komo a kansa, shi ya sa na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe da abin da na gano, tun da aikin zai ɗauki watanni kuma ba na so in manta dalilin kowane hukunci da na yanke. Takobin gajere ne, irin wanda Japanawa ke kira wakizashi, wato wanda tsawon ruwansa ya wuce santimita 30 amma bai kai 60 ba. Na same shi a wani shagon kayan da a lardin Gunma, wurin wani dattijo mai sayen kayan tsofaffin rumbuna a lokacin da magada za su rushe gida. Ya zo da kubensa da ƙotarsa da duk kayan adonsa. Ruwan ya dushe, akwai ɗigon tsatsa a wurare da yawa, amma iya abin da idona ya gani babu tsaga a kaifi. A gindinsa, wato ɓangaren ƙarfen da ke shiga cikin ƙota wanda suke kira nakago, an zana suna Omi Daijo Fujiwara Tadahiro, sunan wani shahararren maƙerin takubba. Dattijon ya faɗa mini ƙarara cewa bai lamunce wannan sa hannu ba, shi yana sayar da kaya ne yadda ya same su, kuma a kan haka muka daidaita a yen 180,000.

Abin da na fara nema kafin ciniki shi ne katin rajista, torokusho, domin a Japan riƙe takobi marar wannan kati laifi ne a ƙarƙashin dokar bindigogi da takubba ta 1958. Hukumar ilimi ta lardi ce ke bayar da shi, kuma nawa an bayar da shi a shekarar Showa ta 43, wato 1968. Na auna tsawon da lanƙwasar, na ƙirga ramin ƙusa, na kwatanta da abin da ke kan katin, duka sun dace. Sai dai ya kamata duk mai shiga wannan harka ya san cewa katin ba shaidar inganci ba ne, abin da aka gani a jikin ƙarfe kawai yake rubutawa, ko da sunan na jabu ne.

15 ga Janairu

Na aika takardar sanar da canjin mai shi zuwa hukumar ilimin da ta bayar da katin. Doka ta ba da kwana 20 daga ranar saye.

20 ga Janairu

Na kwance takobin gaba ɗaya a karo na farko a gida. Duk ƙotar nan ƙusar gora guda ɗaya ce ke riƙe da ita, ita ce mekugi, kuma wadda na tarar ta ruɓe har ta farfashe a cikin rami, sai da na bi ta da tsinke a hankali kusan rabin awa kafin ƙotar ta fita. Na fere wata sabuwa daga busasshiyar gora domin kada ruwan ya zame daga ƙota ya faɗa cikin kube ya karya tsini.

Ga awon da na samu: tsawon ruwa santimita 51.5, wanda a awonsu ya zama shaku 1 da sun 7, tun da shaku ɗaya santimita 30.3 ne kuma sun goma ke yin shaku. Lanƙwasa santimita 0.9, faɗi a gindi santimita 3.0, faɗi kusa da tsini santimita 2.0, kauri santimita 0.7, ramin ƙusa ɗaya. Wannan siffa, ta ƙarancin lanƙwasa da tsukewa sosai daga gindi zuwa sama da ɗan ƙaramin tsini, ita ce littattafai ke danganta wa zamanin Kanbun, 1661 zuwa 1673, a cikin babban zangon tarihin takubba da ake kira Shinto wanda ya fara daga 1596. Wannan ya faranta mini rai, domin Tadahiro ya rayu kuma ya yi aiki a daidai waɗannan shekaru, ko da yake na san ɗaruruwan maƙera a faɗin ƙasar sun ƙera irin wannan siffa a lokacin.

Ban taɓa tsatsar gindin ba, kuma ba zan taɓa ta ba. Baƙar tsatsar nan ita ce ke nuna shekarun takobi, wanda kuwa ya kankare ta ya zubar da babban kaso na darajarsa.

21 ga Janairu

Na sayi kayan kulawa a yen 4,500: man kanumfari, da takardar gogewa mai laushi, da ɗan guduman fitar da ƙusa. Na share tsohon man da ya daskare, na shafa sabo kaɗan. Na kuma sayi tsohon littafin hotunan sa hannun maƙeran Shinto a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai na unguwar Jimbocho, yen 9,000.

28 ga Janairu

Na shafe yinin yau wajen ɗaukar oshigata, wato shimfiɗa siririyar takarda a kan gindin takobi a goga busasshen baƙin tawada a kai har zanen sunan da sawun magagari su fito. Sai a karo na huɗu na samu wanda ya fito sarai.

Wanda ake magana a kansa shi ne Tadahiro na biyu a gidan maƙeran Hizen, ɗan Tadayoshi na farko, waɗanda suka yi wa gidan sarautar Nabeshima aiki a Saga da ke tsibirin Kyushu. An haife shi a 1614, ya gaji maƙera a 1632 da mahaifinsa ya rasu alhali bai cika shekara ashirin ba, aka ba shi sarautar Omi Daijo a 1641, ya rasu a 1693. Shekara sittin ya yi yana ƙira da almajirai masu yawa, don haka takubbansa na gaskiya suna da yawa a kasuwa, kuma wannan yawan ne ya sa na yi tunanin ba abin mamaki ba ne a samu ɗaya a tsohon rumbu. Amma yawan da sunan ya yi shi ne kuma ya sa masu jabu suka fi son sa.

Da na jera takardata kusa da hotunan littafin, abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, haruffan da ke littafin suna tafiya da ƙarfi da sauri, kowane bugun ƙarfen zane yana bin ɗan'uwansa kamar rubutun wanda ya saba, nawa kuwa akwai ɗari-ɗari a cikinsu, musamman a harafin ƙarshe inda layin ya karkace sannan aka dawo da shi. Na biyu, sawun magagari a gindin takubban Hizen kusan a kwance yake, nawa kuwa a ɓangaren da babu suna ya gangara sosai, a ɓangaren sunan kuma ya fi kwanciya, kamar ba hannu ɗaya ya yi su ba. Ban yanke hukunci ba tukuna, domin hoton littafi ba ya maye gurbin riƙe takobi a hannu.

4 ga Fabrairu

Na je gidan tarihin takubba da ke Ryogoku a Tokyo, wanda yake hannun ƙungiyar Nihon Bijutsu Token Hozon Kyokai, da aka fi sani da NBTHK. An kafa ta a 1948, lokacin da sojojin mamaya ke karɓe takubba bayan yaƙin duniya na biyu kuma ake fargabar za a hallaka na tarihi tare da na yaƙi, kuma ita ce yau takardarta ta fi karɓuwa wurin masu saye. Matakan takardun huɗu ne: Hozon, da Tokubetsu Hozon, da Juyo, da Tokubetsu Juyo. Na je ne domin in koyi yadda haske ke bayyana ƙarfen da aka wasa da kyau, na kuma ɗauki awa uku ina durƙusawa ina miƙewa a gaban gilashi har na fara bambanta nie, ƙwayoyin da ido ke iya gani ɗaya-ɗaya a bakin kaifi, da nioi, wanda ke kwance kamar hazo.

10 ga Fabrairu

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace amfani zuwa yanzu. Wani abokin aikina a harkar kayan gyaran mota ya haɗa ni da wani ƙaramin zaman nazarin takubba da wasu dattawa ke yi a nan Saitama, kuma shugaban zaman, wanda kowa ke kira sensei, ya zo da wani wakizashi na Tadahiro mai takardar shaida saboda an gaya masa abin da ke tafe da ni. Kafin a miƙa mini sai da aka koya mini ladabin wurin: a rusuna wa takobi kafin a ɗauka, kada a yi magana a kansa domin yawu na sa tsatsa, kada a taɓa ruwan da hannu sai da ƙyalle, kuma a miƙa shi kaifi na fuskantar mai miƙawa.

Abin da na gani ya bambanta da duk abin da hoto ya nuna mini. Saƙar ƙarfen, wadda ke fitowa daga ninka ƙarfe da bugunsa sau da yawa a maƙera, tana da laushi da daidaito kamar an barbaɗa gari, shi ya sa suke kiran ta konuka, wato dusar shinkafa. Zanen kaifin kuwa, hamon, wanda ke samuwa idan an shafe ruwan da yumɓu mai kauri a baya da siriri a baki sannan aka gasa aka tsoma a ruwa, miƙaƙƙe ne kamar an ja zare, faɗinsa ɗaya daga gindi har sama, ya zagaya tsini a natse.

Daga nan sensei ya karɓi nawa. Bai kalli sunan ba sam, ya bar ƙotar a jiki, ya miƙe hannu ya dubi siffar, ya karkata ruwan wajen ƙwan fitila ya daɗe yana bi. Ya nuna mini wani wuri kusa da gindi inda tsohon washi bai gama dushewa ba, inda zanen kaifin ya tashi da ƙananan kawuna masu tsini. Ya ce shi bai saba ganin wannan a aikin gidan Hizen ba, ya fi kama da hannun maƙeran Mino, wata tsohuwar ƙasa a tsakiyar Japan, amma kada in ɗauki maganarsa a matsayin hukunci sai an buɗe ƙarfen. Da na tambaye shi dalilin da ya sa bai duba sa hannun ba, sai ya ce a zamansu ana rufe gindi ne a fara da siffa, sannan ƙarfe, sannan kaifi, a faɗi sunan da ake zato, daga ƙarshe a buɗe a gani. Na dawo gida jikina a sanyaye, amma na san abin da zan yi gaba.

12 ga Fabrairu

Yau na yi ɓarna da hannuna, kuma zan rubuta ta dalla-dalla domin ta zama gargaɗi. Zoben da ke bakin ƙota da hular da ke ƙarshenta, fuchi da kashira, baƙaƙe ne masu ɗigo-ɗigo ƙanana kamar ƙwan kifi, da furen zinariya a kai. Na ga datti ya taru a gefen zoben, sai na ɗauko ƙyallen goge ƙarfe irin wanda muke amfani da shi a wurin aiki na goga gefen sau biyar ko shida. Nan take baƙin ya tafi, jan ƙarfe ya bayyana a wuri mai faɗin ƙwayar shinkafa biyu.

Abin da ban sani ba a aikace, ko da yake na karanta shi, shi ne cewa baƙin nan ba datti ba ne kuma ba fenti ba ne. Ƙarfen shakudo ne, jan ƙarfe da aka gauraya da zinariya 'yar kaɗan, kuma launin baƙi mai ɗaukar shuɗi yana fitowa ne idan an dafa shi a wani ruwan magani da ake kira rokusho, kaurinsa kuwa bai kai na fatar albasa ba. Ni na tashi ne a gidan da ake fito da takobin kakanmu a Katsina kafin hawan salla a dirje shi da toka da lemon tsami har ya riƙa ɗaukar ido, ƙyalli shi ne alamar an kula da kaya. Wannan tarbiyya ce hannuna ya bi kafin hankalina ya tsayar da shi. Na kira sensei na gaya masa, ya ce kada in ƙara taɓawa, kada in shafa mai, akwai masu mayar da launin, kuma ya yi alkawarin haɗa ni da ɗaya. Daga yau babu abin da zai taɓa kayan adon nan sai busasshen ƙyallen auduga.

18 ga Fabrairu

Na koma kan tsuba, faifan ƙarfen da ke tsakanin ƙota da ruwa mai kare hannu. Baƙin ƙarfe ne, an huda shi an sassaƙa macijin almararsu mai ƙafafu da ƙaho yana zagaye da shi, kuma an zana Echizen ju Kinai saku, wato aikin Kinai mazaunin Echizen. Gidan Kinai sun yi zuriya bayan zuriya suna wannan sana'a a Echizen, lardin Fukui na yau, a tsawon zamanin Edo, lokacin mulkin gidan Tokugawa, kuma an san su da wannan maciji da ganyen aoi.

Da yake na zube a sha'anin suna, na bi wannan da tsanani. Yawancin na jabu zuba su ake yi a mazubi, don haka na sa madubin ƙara girma na bi cikin kowane rami ina neman layin da ke nuna inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, ban samu ba. Sawun ƙarfen sassaƙa a ɓawon macijin yana da kaifi, haruffan sunan an yanke su ne ba narkewa suka yi ba, kuma ƙananan ƙullun da aka cusa a sama da ƙasan ramin tsakiya domin faifan ya zauna daram jan ƙarfe ne na gaske dabam da jikin faifan. Akwai jar tsatsa a wuri biyu, wadda nake bi da guntun ƙahon barewa a hankali, minti goma kowace rana, domin ƙaho yana cire jar tsatsa ba ya taɓa baƙar da ke ƙarƙashi.

24 ga Fabrairu

Na kai takobin wurin mai washi, togishi, wanda sensei ya haɗa ni da shi. Mutum ne da ya yi shekara goma yana koyo a gidan malaminsa kafin ya zauna da kansa. Mun yi shawarar kada a wasa duka tukuna, a buɗe taga kawai, wato a wasa wuri mai tsawon yatsa domin a ga abin da ke ƙarƙashi. Kuɗin yen 15,000. Ya bi kaifin da farce da fitila yana neman hagire, tsagar da ke ratsa kaifi a tsaye, wadda idan ta samu takobi ya mutu ke nan a idon masana, ya ce bai gani ba.

2 ga Maris

An karɓi zoben domin mayar da launi, yen 12,000. Ina ci gaba da tsuba.

16 ga Maris

An buɗe tagar, kuma yanzu babu sauran shakka. Saƙar ƙarfen a tsaye take, tana bayyana kamar jijiyar katako, launinta na ɗaukar baƙi, kuma a saman doron ruwan ta miƙe layi-layi. Zanen kaifin tudu-tudu ne da kawuna masu tsini a tsakani. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi kama da abin da na riƙe a hannuna ranar 10 ga Fabrairu. Mai washin ya ce a ganinsa aikin zuriyar maƙeran Seki ne na ƙasar Mino waɗanda suka ƙaura zuwa Echizen, inda aka samu kasuwa bayan da Yuki Hideyasu, ɗan Tokugawa Ieyasu mai mulkin Japan a lokacin, ya karɓi ƙasar a farkon ƙarni na 17, kuma baƙin ƙarfen nan halin takubban yankin gaɓar teku ta arewa ne. Ya ƙara da cewa shekarun da na ƙiyasta daga siffa suna nan daram.

Sannan ya nuna mini abin da ya fi taɓa ni. Ya ɗora siririn ƙarfen awo a kan gindin ta ɓangaren sunan, ya ɗaga wajen haske, sai ga ɗan rami mai faɗi a ƙarƙashinsa, alhali ɗaya ɓangaren a miƙe yake. Ma'anarsa ita ce mai yiwuwa akwai wani suna a wurin tun asali, sunan wanda ya ƙera takobin da hannunsa, aka kankare shi da magagari aka zana na Tadahiro a kai, kuma wannan ne ya sa sawun ɓangarorin biyu ya saɓa kamar yadda na lura a watan Janairu. Ya ce duba da yadda tsatsa ta zauna a cikin haruffan, an daɗe da yin wannan aiki, ba na zamaninmu ba ne. Takobin lafiyayye ne, ƙarfensa da sauran nama, aibinsa ɗaya wata 'yar buɗewar saƙa ce kusa da baya wadda ba ta da haɗari. Wani maƙeri ya yi aiki mai kyau har ya isa a jingina shi ga babban suna, kuma wannan kyan ne ya jawo aka share nasa.

Na tambaye shi ko kasancewar tsuba daga Echizen take yana ƙarfafa wannan zato. Ya ce kada in dogara da haka, domin kayan ado ana sauya su daga takobi zuwa takobi a kowane zamani, har dillalai na haɗa na nan da na can.

30 ga Maris

Mako biyu ke nan ina juya maganar, a cikin azumi, kuma yau na yanke. Hanyoyi biyu ne a gabana. Ko in bar sunan yadda yake, in wasa takobin in ajiye, sanin cewa NBTHK ba ta ba takobi mai sa hannun jabu takarda. Ko in sa a cire sunan, takobin ya koma marar suna, a kai shi gaban alƙalansu su danganta shi ga makarantar da ƙarfensa ya nuna.

Akwai masu ganin cewa tsohon jabu shi ma tarihi ne, bai kamata a taɓa shi ba, kuma ban raina wannan ra'ayi ba. Na tuna takubban Abzinawa da ake gani a Agadez, waɗanda da yawansu ke ɗauke da tambarin jinjirin wata biyu da maƙeran Sahara suka kwaikwaya daga ruwan takubban Turai irin na Solingen ta Jamus, kuma babu mai hankalin da zai kankare su, domin tambarin ya riga ya zama na masu shi. Amma wannan dabam ne. Nan sunan mutum ɗaya sananne aka ɗora domin a ninka farashi, kuma muddin yana nan, ranar da takobin ya bar hannuna, ko ta sayarwa ko ta gado, zai iya cutar da wani wanda ba a gaya masa abin da aka gaya mini ba. Ni ɗan kasuwa ne, kuma hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu shi aka fara koya mini a shagon mahaifina. Zan sa a cire. Na riga na ɗauki hotuna da oshigata guda uku masu kyau, kuma za su zauna tare da takobin domin duk wanda ya riƙe shi bayana ya san abin da aka taɓa rubutawa a kansa.

6 ga Afrilu

Zoben ya dawo. A hasken ɗaki ba a gane wurin, a hasken rana kuwa ana ganin ya ɗan fi sauran haske. Mai gyaran ya ce zai ƙara duhu da shekaru idan an bar shi.

27 ga Afrilu

An gama cire sunan, yen 40,000. Ba kankarewa aka yi ba, domin gindin ya riga ya rasa nama a wannan ɓangare tun karon farko; an bi gefen kowane layi ne da ƙaramin ƙarfe ana mayar da naman cikin ramin, sannan aka daidaita sawun magagari da na ɗaya ɓangaren, aka mayar da launin tsatsa. Wanda ya san wurin zai gane, kuma na fi son haka.

Tun da abin da ke kan katin rajista ya daina dacewa da takobin, dole a sake gabatar da shi. Na rubuta wa hukumar ilimi tun kafin a fara aikin, kuma an ba ni ranar zama.

18 ga Mayu

A cikin makon nan an duba takobin an ba ni sabon kati mai cewa marar suna, kuɗin rajista yen 6,300. Tsuba kuma, bayan wata uku na ƙaho da ƙyalle, jar tsatsarta ta kwanta, kuma an miƙa ta ga NBTHK domin neman takardar Hozon ta hannun wani dillali da ya saba kai kaya. Kuɗin sai sakamako ya fito za a san shi, domin na wanda ya samu dabam ne da na wanda bai samu ba.

Abin da na kashe zuwa yau, daga saye har sabon kati, ya kama yen 266,800. Abin da ya rage shi ne washi cikakke a kan yen 12,000 kowane sun, wato 204,000. Farin kube na itacen honoki wanda ake haɗawa da manne na dafaffiyar shinkafa domin a iya buɗe shi a share, 35,000. Sabon habaki, zoben jan ƙarfen da ke riƙe ruwa a bakin kube, 30,000. Da takobin katako da zai riƙe tsohon kube da ƙota a haɗe, 15,000, tun da ba a mayar da sabon washi cikin tsohon kube mai tsatsa a ciki. Jimilla za ta kai yen 550,800 ban da kuɗin alƙalanci. Dillalin ya gaya mini gaskiya cewa wakizashi marar suna na wannan aji, ko da takarda, da wuya ya mayar da wannan kuɗi idan an sayar, musamman da yake masu saye sun fi son dogon takobi. Na ji, kuma na amince a ci gaba.

25 ga Mayu

Na mayar da takobin wurin mai washi, amma zai fara zuwa wurin mai habaki da mai kube, domin su ake yi kafin washin ƙarshe kada a karce shi. Mun tattauna irin gamawar da za a yi. Akwai hadori, inda ake faranta bakin kaifi da siraran duwatsu har ya fito fari tas, akwai kuma sashikomi, wadda ke barin zanen kaifi ya bayyana yadda wuta ta yi shi. Na zaɓi ta biyu, saboda kawunan nan masu tsini su ne shaidar inda takobin ya fito, kuma ina so alƙalai su gan su ba tare da an lulluɓe su ba. Ya ce akwai takubba huɗu a gabana, in sa rai da watan Oktoba ko Nuwamba, sannan bayan an gama in riƙa sauya mai akai-akai na wasu watanni domin sabon washi yana saurin kama tsatsa.

Kafin lokacin zan ci gaba da zuwa zaman sensei, kuma ya ce a zama na gaba zai nemo takobi mai sa hannun ɗaya daga cikin maƙeran Echizen na zuriyar Seki domin in ga gindinsa in kwatanta da hotunan nawa. Na kuma fara karanta ƙa'idar fitar da takobi daga ƙasar, wadda ke buƙatar takardar hukumar al'adu ta Japan da mayar da katin rajista, ko da yake wannan ba aikin bana ba ne. Menuki, wato ƙananan kayan ado na ƙarfe guda biyu da ke ƙarƙashin saƙar ƙota, har yanzu ban gane ko tsuntsu ne ko ganye ba, kuma ba zan kwance tsohuwar saƙar domin in gani ba. Zan kai ƙotar zaman a duba ta yadda take.